Ina Delu, Ina Kande? Tarihin Sunayen 'Yan Matan Hausawa

Duk wanda ya saba zuwa gidan suna a 'yan shekarun nan ya san akwai wata 'yar rigima da ba a yin ta a gaban baƙi, amma kusan kowane gida sai an taɓa ta a ƙuryar ɗaki kafin ranar bakwai ta zagayo. An haifi 'ya mace. Angon ƙarni yana so ya yi wa mahaifiyarsa takwara, to amma tsohuwar nan duk garin da Indo aka san ta, ko Kande, ko Tasalla. Ita kuwa maijego tun ciki yana wata huɗu ta gama zaɓen nata, ta adana shi a waya: Afnan, ko Hanan, ko Nihal. Sai a yi ta ja-in-ja, ƙawaye na zuga, gwaggwanni na tsaki. Daga ƙarshe a yi sulhu irin namu, a yanka rago da sunan yankan tsohuwa, a riƙa kiran yarinya da na yayi. Shi sunan yankan ba za a sake jin ɗuriyarsa ba sai ranar ɗaurin aure, shi kuwa Indo ko Kande an binne shi ke nan.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan rigima ita ce: shin sunan da, irin na kakanninmu, ya dace da jaririyar yau? Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya biyo ni mu ga inda sunayen nan suka fito, da yadda aka yi suka koma abin gudu. Mu masu sha'awar fim da littafi muna da hannu dumu-dumu a cikin maganar, kamar yadda za mu gani.

SUNAYEN DA SUKA RIGA LITTAFI

Idan ana maganar tsohon suna, yawancinmu Delu da Kande muke tunawa. Alhali kuwa waɗannan yara ne a kan na gabansu. Tarihin baka na Daura ya kawo jerin sarakuna mata da suka yi mulki kafin zuwan Bayajida, a cikinsu akwai Kufuru, da Yakumo, da Yakunya, da Gizirgizir, da Innagari, har zuwa kan Daurama. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yi kama da Larabci. Sunaye ne na mutanen da ke raɗa wa 'ya'yansu suna da harshen da suke magana da shi a tsakar gida.

Sai dai babbar taskar da ta adana mana sunayen matan da ita ce littafin Tarihin Kano, wanda H.R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma ya fito da Hausa cikin "Labarun Hausawa da Maƙwabtansu" a farkon shekarun 1930. Marubucin wannan tarihi yana da wata ɗabi'a mai kyau: kusan duk sarkin da ya ambata, sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Idan ka jera sunayen iyayen nan mata kaɗai, za ka ga tarihin sauyin ƙasar Hausa ƙarara kamar a majigi. Mahaifiyar Bagauda, sarkin farko, Kaunasu. Ta Warisi, Saju. Ta Sarki Shekarau, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 13, sunanta Auta, sunan da har gobe muna kiran ƙaramar ɗaki da shi. Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), wanda a zamaninsa ne Wangarawa suka iso Kano da addinin Musulunci, sunan mahaifiyarsa Maganarku. Ta Kanajeji kuma Aunaka.

To amma da aka zo kan Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sai ga mahaifiyarsa da sunan Fatsima. Ɗansa Abdullahi kuma mahaifiyarsa ita ce Auwa, wato Hauwa, matar da tarihin ya ce ta yi ƙarfin faɗa-a-ji a fada. Ka ga cikin shekara ɗari da 'yan kai bayan zuwan Wangarawa, sunayen gidan Annabi sun shiga har ɗakin matan sarki. Duk da haka tsofaffin ba su gudu ba. Mahaifiyar Kisoki, jikan Rumfa, Lamis ake ce mata. Shi kuwa Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, wanda jihadi ya tarar a kan gado, sunan mahaifiyarsa Baiwa. Wato sama da shekara ɗari uku sunan littafi da sunan gargajiya suna zaune gida ɗaya ba wanda ya kori wani.

SUNAN YANKA DA SUNAN GIDA

Dabarar da Bahaushe ya yi ita ce ya bai wa kowane yaro suna biyu. Ranar bakwai liman ya raɗa na yanka, wanzami ya yi aski, a raba goro. Wannan suna na littafi ne, shi ake kai wa makarantar allo, shi ake ambata ranar aure da ranar jana'iza. Amma tun kafin ranar bakwai ɗin, tsofaffin gida sun riga sun laƙaba wa jaririya wani sunan, wanda shi ne zai bi ta rijiya da kasuwa.

Mafi sauƙi shi ne sunan rana. Wadda aka haifa ran Lahadi ita ce Ladi ko Ladidi. Ta Litinin, Tani ko Altine. Ta Talata, Talatu. Ta Laraba, Balaraba ko Larai. Ta Alhamis, Lami ko Laminde. Ta Juma'a, Jummai. Ta Asabar, Asabe. A zamanin da babu takardar haihuwa, sunan yarinya shi ne takardar haihuwarta. Akwai kuma na lokaci: Azumi ta watan azumi, Tasalla ta ranar salla, Marka wadda ta faɗo a tsakiyar damina ana ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Sai na matsayi a ɗaki. Kande da Delu su ne 'yan matan da suka zo bayan maza sun yi jere, kamar yadda Tanko yake namijin da ya zo bayan mata. Ka tsaya ka duba wannan da kyau, mai karatu. Sunan da yau ake yi wa dariya, asalinsa sunan murna ne, sunan 'yar lele, wadda uwa ta daɗe tana jiran mai taya ta aikin ɗaki. Gambo ita ce mai bin tagwaye. Kyauta ita ce wadda aka samu bayan an fid da rai. Talle ita ce wadda ta tashi a maraici. Cindo mai yatsa shida.

Akwai wani rukunin mai ban tausayi, wato sunayen 'ya'yan wabi. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, idan ta sake haihuwa sai a kira jaririyar Ajuji, ko Ayashe, ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da ita ba, wai ko mutuwa ta raina ta ta wuce. Camfi ne, babu shakka, kuma malamai sun daɗe suna yaƙarsa. Amma duk wanda ya san yawan jariran da ƙyanda da zazzaɓi suke ɗauka a wancan zamani ba zai yi wa uwar Ajuji dariya ba.

Rukuni na ƙarshe, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne na alkunya. Bahaushiya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Littafin "Baba of Karo", wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna yadda kunyar ɗan fari take da ƙarfi a wancan lokaci. To idan aka yi wa uwar miji takwara, yaya maijego za ta kira 'yarta? Dole a saya. Daga nan aka sami su Uwani, da Inna, da Iya, da Ummi. Sannan kowane sunan littafi aka yi masa abokin tafiya: A'ishatu ta zama Indo ko Shatu, Hadizatu ta zama Dije, Hauwa'u ta zama Kulu ko Maijidda, Zainabu ta zama Abu, Maryamu ta zama Mairo, Hafsatu ta zama Hansai, Fatsima ta zama Binta. Saboda haka duk wanda ya ce Indo sunan ƙauye ne, A'isha kuma sunan birni, to mutum ɗaya yake yabo yana kushewa.

Jihadin 1804 ya ƙara wa sunayen littafi ƙarfi, ba ko tantama. 'Ya'yan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mata su ne su Hadiza, da Fatsima, da Maryamu, da Hafsatu, da Safiya. Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) 'yar tagwaye ce, abokin tagwaicinta Hassan, amma Shehu bai bi al'ada ya kira ta Usaina ba, sai ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Duk da haka, tsarin suna biyu ya tsallake jihadi lafiya lau, ya tsallake zuwan Turawa, ya iso har zamanin iyayenmu.

ME YA SAUYA?

Abu na farko rajistar makarantar boko ce. Malamin aji ba ya rubuta suna biyu. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka yi ta kwarara makaranta, sai ya zama kowace yarinya sunan yankanta ake kira kullum safiya. Wadda ake ce wa Dije a gida, a aji Hadiza ce. Idan ta yi nisa a karatu, ƙawayenta da malamanta da wanda zai aure ta duk Hadiza suka sani. Wadda ba ta je ba, ko aka cire ta aka yi mata aure, ita ce ta ci gaba da zama Dije. A hankali sai sunan gida ya zama tambarin wadda ba ta yi boko ba. Wannan shi ne asalin ciwon, sauran duk rassa ne.

Na biyu, makarantun Islamiyya da suka yawaita daga shekarun 1970 zuwa 1980, da ɗaliban da suka dawo daga Madina da Masar da Sudan, sun zo da gyaran lafazi. Aka ce ba Hadiza ba ce, Khadija ce. Rakiya ta koma Ruƙayya, Zuwaira ta koma Juwairiyya, Hansatu ta koma Hafsat. Aka buɗe littattafan tarihin sahabbai aka zaƙulo sunayen da kakanninmu ba su cika sawa ba, irin su Sumayya da Nusaiba da Rumaisa'u. Jirgin sama ya sauƙaƙa aikin hajji da umara, tauraron ɗan'adam ya kawo tashoshin Larabawa har falo, kunnuwanmu suka saba da su Samira da Nabila da Ilham.

Na uku shi ne birni. Wanda ya baro ƙauye ya yi kuɗi a Kano ko Kaduna ba ya son abin da zai tuna wa maƙwabta inda ya fito. 'Yar aikin da aka kawo masa daga ƙauye kuwa, da sunanta na gida take zuwa. Sai aka wayi gari a gida ɗaya 'yar masu gida Nabila, mai wanke-wanke Ladidi. Yaran da suka tashi a irin wannan gida ba sai an gaya musu wane suna ne na sama ba.

LAIFIN ALƘALAMI DA KYAMARA

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Marubutan farko ba su da wannan wariya sosai. Jarumar "Jiki Magayi" na John Tafida da R.M. East, ɗaya daga cikin littattafai biyar na gasar 1933, sunanta Zainabu, ɗan da ta haifa kuma Kyauta ake kiransa, ga shi ɗan attajiri. A "So Aljannar Duniya" na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, yarinyar da ake so ɗin sunanta Boɗaɗo, sunan Fulani tsantsa, kuma ba wanda ya ce soyayyar ta ragu.

Abin sha'awa, matan da suka buɗe ƙofar littattafan soyayya su kansu sunan rana gare su. Talatu Wada Ahmed ce ta rubuta "Rabin Raina" a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ce ta rubuta "Budurwar Zuciya" a 1987. Ita Hajiya Balaraba ta san darajar irin wannan suna, domin jarumar "Wa Zai Auri Jahila?" Abu ce, 'yar ƙauyen da aka cire daga makaranta, saurayinta ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, ta gudu birni ta yi karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Duk wanda ya karanta littafin nan ba zai sake raina mai suna Abu ba. Amma ko a wurinta, duba "Alhaki Kwikwiyo": uwargida mai haƙuri Rabi, 'yarta mai hankali Saudatu, matar barikin da ta shigo ta tarwatsa gidan Alhaji Abdu kuwa, Delu.

Daga 1991, da "In Da So Da Ƙauna" na Ado Ahmad Gidan Dabino ya mamaye kasuwa, sai sunan jaruma ya zama wani ado na musamman. Sumayya 'yar masu kuɗi ce, kyakkyawa, mai riƙon alkawari, kuma 'yan matan da suka yi kuka saboda ita a lokacin su ne suka zama iyaye bayan 'yan shekaru. Marubutan da suka biyo baya suka shiga tsere, kowa na neman sunan da ba a taɓa ji ba. Ka ɗauki littafi goma na kasuwar Kano ka duba da kanka: jaruma fara, doguwa, mai gashi har gadon baya, sunanta daga Larabci. Kande da Lami da Tani kuwa suna nan a littafin, amma a kicin, ko a bakin famfo suna gulma, ko su ne dillalan da ke kai uwargida wurin boka.

Fim ya zo ya ɗora. Tun daga "Gimbiya Fatima" na ƙungiyar Tumbin Giwa, zuwa "Saliha?", zuwa "Wasila" da "Sangaya" da suka yi tashe a wajajen shekarar 2000, sunan jaruma sai an tace shi. A "Sangaya" abin har ya fi ba ni mamaki. Yarinyar da Fati Muhammad ta fito a matsayinta baiwar gidan sarauta ce mai aikin wahala, amma da yake ita ce za ta auri ɗan sarki a ƙarshe, ba a kira ta Tasalla ba, sai aka ce Zubaina. Wato tun daga sunan an gaya wa ɗan kallo cewa wannan ba ta dace da tsintsiya ba. A ɓangaren barkwanci kuwa, matar marigayi Rabilu Musa Ibro a finafinansa na farko Tsigai ce, ana jin sunan an fara dariya tun ba ta buɗe baki ba. Daga baya har fim aka yi mai suna "Indon Ƙauye". Ka ji fa, sunan Uwar Muminai da Hausa, an ɗaura masa ƙauye a wuya kamar ƙararrawa. Da zamanin finafinai masu dogon zango ya zo, "Labarina" na Aminu Saira ya fara a 2020 da jaruma mai suna Sumayya, kusan shekara 30 bayan ta Gidan Dabino.

Ba ina cewa wani furodusa ya zauna ya ƙulla wa Delu sharri ba ne. Kasala ce kawai irin ta mai rubutun labari. Yana so ɗan kallo ya gane matsayin mace cikin daƙiƙa ɗaya, sai ya ɗauko suna ya yi masa aikin. To amma abin da aka maimaita shekara talatin a gaban yara, ya zama karatu. Yarinya mai suna Kande da ke aji uku a sakandare ita ke biyan bashin wannan kasala, ranar da malami ya kira sunanta aji ya fashe da dariya. Wasu har kotu suke zuwa su yi takardar rantsuwa, su buga sanarwar canjin suna a jarida, daga nan kuma a shiga wahalar sunan da ke takardar jarrabawa ya saɓa da na katin ɗan ƙasa.

Kuma masana'antar da kanta ta ƙaryata wannan ra'ayi. Marigayiya Balaraba Muhammad, wadda ta rasu a haɗarin mota a 2003 ana kan hanyar kai ta ɗakin mijinta, tana cikin taurarin da aka fi so a zamaninta. Allah ya jiƙanta. Akwai wanda ya taɓa cewa sunanta ya rage mata kwarjini a fosta?

MAZA SUN TSIRA, MAƘWABTA SUN ADANA

Wani abin lura shi ne wannan ƙyama ba ta kama sunayen maza kamar yadda ta kama na mata ba. Balarabe Musa ya yi gwamnan Kaduna daga 1979 zuwa 1981. Ibrahim Shekarau ya yi gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011. Ibrahim Tanko Muhammad ya yi Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2019 zuwa 2022. Su Bala da Ɗanladi da Ɗanjuma da Gambo suna nan a allunan ofisoshi. Dalili kuwa a fili yake: sunan namiji yana zama sunan mahaifi, 'ya'ya da jikoki su ɗauke shi su shiga da shi jami'a. Sunan mace ba ya bin kowa. In ba a yi mata takwara ba, ranar da aka kai ta makwanci ranar sunanta ya bi ta. Shi ya sa rigimar gidan sunan nan ta fi ƙarfin son rai. Hanya ɗaya tak da sunan tsohuwa zai rayu ita ce bakin jikarta.

Duk da haka tarihi bai rasa matan da suka ɗaga irin waɗannan sunaye ba. Hajiya Gambo Sawaba (1933 zuwa 2001) sunan yankanta Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye ne. Ta sha ɗauri da duka a gwagwarmayar NEPU da neman 'yancin mata, kuma da Gambon duniya ta san ta. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da sunan gidanta ta cika fagen amada. Sanata A'isha Jummai Alhassan, wadda aka fi sani da Mama Taraba, ta riƙe Jummanta har kujerar minista a 2015.

Sannan ga abin kunya a gare mu: maƙwabtan da suka ari sunayen nan a wurinmu sun fi mu riƙe su. Ciro takardar naira 20 ka juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a jiki ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta rasu a 1984, hotonta kuma yana kan kuɗin tun 2007. A kudancin Kaduna da Filato da Adamawa, 'yan'uwanmu Kirista har yau suna alfahari da Ladi da Talatu da Laraba da Asabe. A arewacin Gana, inda fatake suka bi da goro shekaru aru-aru, za ka tarar da su Lariba da Lamisi da Asibi. Mu masu abin ne muka ajiye shi a bayan ɗaki.

TO, YA DACE KO BAI DACE BA?

Masu gudun sunan da suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma dole a ba su ita. Haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa ya zaɓa masa suna mai kyau. Manzon Allah (SAW) da kansa ya canza sunayen da ma'anarsu ba ta yi ba. Wata 'yar Sayyidina Umar da sunanta ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Saboda haka Ajuji da Ayashe da Ajefas, a bar su a littafin tarihi. Zamanin da ya haife su Allah ya raba mu da shi. Haka nan uba ba zai ɗauki 'yarsa ya mayar da ita fagen yaƙin kare al'ada ba, alhali ita ce za ta shiga aji da sunan, ba shi ba.

Amma hujjar cewa sunan rana ko na yanayi ba shi da asali a addini, wannan ba ta tsaya ba. Larabawan ma haka suke yi. Asalin kalmar Khadija a harshensu jaririyar da aka haifa kafin cikar watanninta ce, wato bakwaini. Rabi'atul Adawiyya, waliyyiyar Basra, an kira ta Rabi'a ne don ita ce ta huɗu a ɗakinsu. Suna da Juma'a da Khamis da Ramadan da Rajab a sunayen maza. Su kansu Talatu da Larai da Jummai da Asabe, daga sunayen ranaku na Larabci muka ƙera su. Mene ne bambancin Rabi da Auta, in ban da ɗaya mun san fassararsa ɗaya kuma ba mu sani ba? Sau da yawa ma daɗin sunan yayi rashin sanin ma'anarsa ne. Afnan rassan itace ne. Suna ne mai kyau, kalmar tana cikin Alƙur'ani, amma da wani ya ce zai kira 'yarsa Rassa da an ce a kai shi asibiti.

Kuma kada mu manta, yayi ba ya zama. Jamila da Samira da Sumayya da suka kasance sunayen 'yan gayu a shekarun 1990, yau sunayen iyaye ne, wasu ma sun fara ɗaukar jikoki. Nan da shekara 50, in Allah ya kai mu, Hajiya Afnan za ta zauna a kan tabarma tana jan carbi, matar jikanta kuma tana cewa ita fa ba za a sa wa 'yarta sunan tsofaffi ba. Sunan da bai tsufa ba tun daga mahaifiyar Rumfa har yau shi ne irin su Fatsima da Hauwa, waɗanda ba su taɓa shiga tseren yayi ba balle a wuce su.

Ni dai ra'ayina, tsarin kakanninmu na suna biyu ya riga ya warware matsalar tun tuni, mu ne muka karya masa ƙafa ɗaya. A raɗa wa yarinya sunan yanka mai kyau wanda za ta shiga ko'ina da shi. Sannan sunan gida, maimakon a ce dole sai an aro daga tashar Larabawa ko an murɗe shi ya koma Meenat da Deejah, a bar kaka ta kira jikarta Kulu ko Jummai ba tare da maijego ta ɓata rai ba. Idan yarinya ta girma ta zaɓi wanda take so. Binta ta tsira, Ummi ta tsira, Maijidda ta tsira, ba don komai ba sai don ba a mayar da su abin dariya ba. Sauran ma za su iya.

A nan ne nake kira ga marubutanmu da daraktocinmu. Ku ne kuka hau da Sumayya, ku ne kuka sauko da Delu. Me zai hana a yi fim ɗin da likitar da ta ceci ran jarumi sunanta Dakta Kande, ko lauyar da ta kayar da azzalumi a kotu ta zama Barista Tasalla, a yi shi da gaske, ba da sigar barkwanci ba? A sa mata kaya masu kyau, a ba ta waƙa mai daɗi, a ba babbar jaruma ta hau. Mu da muka ga yadda fim ɗaya yake sauya ɗinkin 'yan mata a salla guda, mun san abin da zai iya yi wa suna.

Ga iyaye kuma, kafin a kira liman, a je a tambayi tsohuwa dalilin da ya sa ake ce mata Delu. Wataƙila za ta ba da labarin yayyenta maza huɗu, da irin guɗar da aka yi ranar da ta faɗo. In an ji labarin aka ga duk da haka Hanan ake so, to Allah ya raya Hanan. Allah ya raya mana su duka bisa tafarkin addini, ya sa su yi albarkar masu sunan.